Ilmin Addini da Matsayin Mata: Jawabi ga Jama'ar Kwamba



Abin da ya tara mu a yau tambaya ce guda: idan yarinya ta sauke Alƙur'ani, shin karatunta ya ƙare ke nan? A gidaje da yawa amsar ita ce i. Sai a yi walima, a rataye allo, a shiga shirin aure. Amma fa tarihinmu ba haka ya koya mana ba.

Ku dubi Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a 1793, ta rasu a 1864. Matar aure ce, gidan Waziri Giɗaɗo, kuma uwar 'ya'ya. Duk da haka ta yi rubuce-rubuce da Larabci da Fulatanci da Hausa. Sa'an nan ta kafa tsarin 'Yan Taru, watau ta horar da dattijan mata da ake kira jaji, ta ɗora musu malfa alamar izini, suna shiga ƙauyuka suna karantar da 'yan'uwansu mata. Mahaifinta da kansa, a littafinsa Nurul Albabi, ya zargi malaman da ke karantar da almajirai a zaure alhali matansu da 'ya'yansu na cikin jahilci.

Kada wani ya ce wannan zancen dā ne. A nan Jihar Neja muna da misali. Hajiya A'isha Lemu, haifaffiyar Ingila, ta musulunta a 1961, ta zo Kano aikin koyarwa a 1966. Daga baya ta zauna a Minna tare da maigidanta Sheikh Ahmed Lemu, ta rubuta littattafan darasin addinin Musulunci waɗanda makarantun sakandare suka daɗe suna amfani da su. A Minna ɗin ne aka kafa Tarayyar Ƙungiyoyin Mata Musulmi ta Nijeriya, FOMWAN, a 1985, ita ce kuwa Amirarta ta farko. Ta rasu a 2019.

A ƙasashen waje ma, wani malami a Ingila, Muhammad Akram Nadwi, ya tattara tarihin mata masana Hadisi, aikin ya cika juzu'i 43 da aka buga a 2021.

To, mene ne amfanin wannan gare mu? Akwai mas'alolin da mace ke jin nauyin kai wa malami namiji, kamar na haila da biƙi da idda. Idan babu malama a unguwa, sai ta yi shiru, ibadarta ta raunana. Haka kuma wadda ba ta san rabonta na gado ba, cikin sauƙi ake danne mata shi.

Hanya kuwa a buɗe take. Daga Islamiyya yarinya za ta iya wucewa sakandare, daga nan kwalejin horon malamai, ko sashen nazarin addinin Musulunci a Jami'ar Bayero ta Kano ko ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Za ta fito malama, ko marubuciya, ko mai bincike.

Saboda haka, iyaye, idan manemin aure ya zo, a sa ci gaban karatu cikin sharuɗɗa. Magidanta kuma, a bar su su koma aji. Allah ya ba mu ikon sauke wannan nauyi. Wassalamu alaikum.