Taura Biyu Ba Ta Taunuwa



Tun shekarar 2020, sa'ad da annobar korona ta sa aka kulle Kano, taron ofis ya koma cikin waya, Zoom ya zama zauren shawara. Annoba ta wuce, amma al'adar ta zauna. Yau sai ka ga ma'aikaci ya tashi daga Gyadi-Gyadi ko Tarauni, ya ɗebi iyalinsa zuwa madatsar ruwa ta Tiga ko Gidan Zu don shan iska, amma da an kira taro sai ya buɗe kyamara a gindin bishiya. Wannan ɗabi'a ce nake so mu duba.

Da farko dai, na'urar kanta ba ta son fili. A watan Afrilu zafin Kano kan kai digiri 40, waya kuwa in ta yi zafi sai ta dushe ko ta mutu. Da hunturu iska kan cika makirufo da ƙugi. Sabis kuma yakan yi rauni in an yi nisa da gari, har maganarka ta riƙa tsinkewa, maigidanka yana jira. Kome tsadar wayar da ka saya a kasuwar Farm Centre, ba za ta yi maganin wannan ba.

Amma babbar illa ita ce ta amana. A ɗauki misalin likita ko akawu. In ya ambaci ciwon majinyaci ko albashin wani a bainar jama'a, wa ya san kunnen da ke bayansa? Magana zarar bunu ce. Har wa yau, Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa ma'aikatu nauyin tsare bayanan mutane. Kyamarar kuma takan ɗauko matan mutane da 'ya'yansu ba da izininsu ba.

Sa'an nan ga hakkin iyali. Yaron da aka ce ya yi shiru a wurin wasa, ina amfanin fitar da aka yi da shi?

Saboda haka, 'yan'uwa, in ka karɓi hutu, ka miƙa aikinka ga abokin aiki kafin ka tashi. In taron ya zama tilas, nemi ɗaki, rufe ƙofa, sa abin ji a kunne. In babu hali, nemi uzuri tun da wuri. Wannan ya fi mutunci.

Allah ya ba mu ikon riƙon amana.