Maganin "na ɗari biyu" da asusun taimakon juna

Kafin masu makulli su buɗe akwati, ina roƙon ku ba ni minti goma, domin maganar yau ta shafi lafiyarmu, ta kuma shafi kuɗin da ke cikin akwatin nan.

Wace ce a cikinmu ba ta taɓa aika yaro kemis ta ce a ba shi kafso na ɗari biyu ba? Ni dai na yi, ba sau ɗaya ba. Likita ya rubuta maganin kwana biyar ko bakwai, kuɗin hannu na kwana biyu ne, sai a ce bari a fara, in an samu a ƙaro. Kwana biyu zazzaɓi ya sauka, yaro ya fita wasa, shi ke nan an manta da saura.

Ga abin da ke faruwa a cikin jiki. Ƙwayoyin cutar da ake kira bakteriya ba ƙarfinsu ɗaya ba. Idan magani ya shiga, raunana ne ke fara mutuwa, sojojin jiki su samu sarari, mutum ya ji sauƙi. Amma masu taurin kai suna nan. Kamar mai noma ce ta cire ciyawa ta bar saiwar ƙiri-ƙiri a ƙasa. Ruwa ɗaya za a yi gona ta sake cika, kuma da mai wuyar cirewa. Wasu bakteriya, idan sun samu yadda suke so, cikin minti ashirin ɗaya take zama biyu. Har ma sukan miƙa wa 'yan uwansu dabarar jure magani. Ranar da ciwon ya dawo, maganin jiya ba ya ci, sai an nemi mai tsada, wani lokaci sai an kwanta asibiti ana allura.

Wannan ba sabon zance ba ne. A 1928, a wani asibiti a Landan, wani masani mai suna Alexander Fleming ya lura funfuna ta fito a farantin da yake renon ƙwayoyin cuta, kuma duk na kusa da ita sun mutu. Daga nan aka samo fenisilin, kakar su Ampiclox da Amoxil da muke sha yau. A 1945, da aka ba shi lambar yabo ta Nobel, shi da bakinsa ya yi gargaɗi cewa shan maganin ƙasa da kima zai koya wa ƙwayoyin cuta jure shi. Abin da ya ji tsoro ya faru. Wani babban bincike da aka wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai, mutum miliyan 1.27 suka rasu a duniya saboda bakteriyar da ta daina jin magani. In aka kwatanta da yawan jama'a, yankin da abin ya fi muni shi ne namu, Afirka ta Yamma.

Iyayenmu da ke nan za su tuna klorokwin, mai ɗaci da sa ƙaiƙayi. Da shi ne maganin zazzaɓin cizon sauro a kowane gida. Ƙwayar cutar ta bijire masa har gwamnati ta sauya zuwa irin su Coartem, wanda ake sha safe da yamma kwana uku. Kwana uku cif, ba rana ɗaya a ajiye saura don ƙanin yaron ba. Na san dalilin ajiyewar, ba mugunta ba ce, tattali ne. Amma tattalin nan tsada yake jawowa.

Akwai kuma shan magani inda bai da aiki. Mura da yawancin tarin sanyi bairos ke kawo su, kuma antibayotik ba ya taɓa bairos ko kaɗan; garkuwar jiki ce ke gamawa da shi, da hutu da shan ruwa. Haka nan ba kowane zazzaɓi ne na sauro ko taifot ba, shi ya sa ake gwajin jini kafin magani. Mu mata kuma, mu faɗa wa kanmu gaskiya: da an ji ƙaiƙayi sai a ce ciwon sanyi, ƙawa ta ce sha kaza. Wani ƙaiƙayin ma yawan shan antibayotik ne ke tayar da shi, domin yana kashe har ƙwayoyi masu amfani da ke tsare mana jiki. Masu kiwon kaji da rancen ƙungiya, ku ma da ku nake: zuba kafso ja da yalo a ruwan kaji kullum ba tare da shawarar malamin dabbobi ba, hanya ɗaya ce da wannan.

To ina ruwan ƙungiya? Abin da ke sa a sayi rabi, rashin kuɗi ne a ranar. Don irin wannan ranar muke zuba asusun taimakon juna kowane mako. Amma na lura da yawa kan ji nauyin nema, sai ciwo ya kai ga kwanciya, lokacin kuma abin da ake buƙata ya fi ƙarfin asusun, sai a taɓa jari ko a sayar da akuya.

Shawarata ita ce mu ƙara ƙa'ida ɗaya a dokokinmu. Duk wadda ta zo da takardar asibiti, tata ko ta ɗanta, a cika mata kuɗin gwaji da na magani gaba ɗaya daga asusun, ba sai ranar zama ba, in ƙungiya ta amince a bar wani abu a hannun ma'aji. Ita kuma ta yi alkawarin shan sa yadda aka rubuta, ba ragi, ba ba wa maƙwabciya. Mai tarin da ya wuce mako biyu kuwa, mu raka ta gwajin tarin fuka. Maganinsa wata shida ne, kuma kyauta ake bayarwa a asibitocin gwamnati, kuɗin mota kawai za mu nema mata.

Kyauta za a bayar ko rance marar ƙari, da nawa ne iyaka, wannan ku za ku yanke, ba ni ba. Shugaba, bismillah, a fara jin ta bakin iyayenmu, sakatariya ta rubuta.