Laifin Maƙeri Ko Laifin Ƙarfe?

Masana kwamfuta sun daɗe suna gardama a kan tsaron manhaja. Waɗansu sun ce gwanintar marubuci ta wadatar, ko da a harshen C, wanda yake bar masa kula da ma'adanar bayanai. Amma a 2014 aka gano ɓarakar Heartbleed cikin OpenSSL: marubuci bai auna tsawon saƙo ba, mai dubawa kuma bai lura ba. A 2019 kamfanin Microsoft ya ce kusan kashi 70 cikin 100 na ɓarakokin da yake toshewa daga ma'adanar suke. Harshen Rust kuwa yakan tare yawancinsu da kansa. Tun da gwani ma yakan yi kuskure, ya kamata ma'aikatar da za ta sayi manhaja ta tambayi harshen da aka rubuta ta.