Dutsen Garinmu: Yadda Ya Samu Da Abin Da Ke Rayuwa A Kansa

Shugaban taro, iyayenmu maza da mata. Ina neman izininku in juya ga 'ya'yanmu, domin jawabin yau nasu ne.

'Ya'yana, yawancinku a birni aka haife ku. Dutsen garinmu kuwa ta tagar mota kuke hango shi idan an je gida hutun Sallah. Na san wasunku sun taɓa tambaya ko wa ya ajiye shi a can. Allah ne Ya halicce shi, amma Ya sanya wa halittar sababi, masana kuma sun gano da yawa daga ciki.

Ƙasar da muke takawa ba dunƙule ɗaya ba ce. Ɓawonta a rarrabe yake kamar fasasshiyar tukunya, kowane yanki yana tafiya a hankali, gwargwadon yadda farcenku ke tsiro. Idan yankuna biyu suka yi karo, sai gefensu ya tattare ya tashi sama, kamar tabarmar da aka turo ta gefe biyu. Haka yankin Indiya ya yi karo da Asiya kimanin shekaru miliyan 50 da suka wuce, duwatsun Himalaya suka tashi. A cikinsu Everest yake, mai tsayin mita 8,849, kuma a kan ƙololuwarsa an samu burbushin halittun teku. Wani dutsen kuma wuta ce ke amayo shi. A 1943, a ƙasar Meziko, gonar masarar wani manomi ta tsage, toka da narkakken dutse suka dinga fita, kafin 1952 dutse mai tsayin fiye da mita 400 ya tsaya a inda gonar take.

Namu ba haka ya samu ba. Ɗan'uwan Kufena ne na Zariya da Kwatarkwashi na Zamfara, kuma ya girme wa Himalaya nesa ba kusa ba. Fiye da shekaru miliyan 500 da suka wuce, narkakken dutse ya taso daga cikin ƙasa, bai kai ga ɓullowa ba, ya huce a can ƙarƙashi sannu a hankali har ya daskare. Daga nan ruwa da iska suka yi ta kwashe abin da ya lulluɓe shi, mai taushi ya tafi, mai tauri ya rage. Wato tono shi aka yi. Har yanzu yana ɓarewa falle-falle kamar albasa, shi ya sa kuke ganin kansa a mulmule, ga manyan ɓaraguzai zube a gindinsa.

To, yaya abu mai rai zai zauna a kan falalen dutse, inda babu ƙasa ko ta cika cokali? Masu fara sauka su ne waɗansu tabo-tabo da ke manne wa dutse kamar makero a kan yaro. Kada ku raina su, suna da rai. Suna cin fuskar dutsen kaɗan-kaɗan, idan sun mutu su bar ɗan ƙura. Gansakuka ta biyo baya, sannan wata ciyawa mai shimfiɗuwa kamar tabarma, wadda ke bushewa ƙayau da rani, ruwan farko ya zuba ta farfaɗo. Ita ke tare ƙura da ruɓaɓɓen ganye. Tsuntsu ya ci ɓaure a wani wuri, ya zo ya kasayar da ƙwayar a cikin tsaga, saiwa ta kutsa ta ƙara buɗe tsagar. A haka hano da kukkuki suke samun wurin zama, kazar dutse da birai su samu mafaka, haka ma rema, wadda duk da ƙanƙantarta masana suka tabbatar dangin giwa ce. Ƙasar da ba ta wuce kaurin yatsa ba tana iya ɗaukar ɗaruruwan shekaru kafin ta taru.

Ruwan da ya sauka a kan dutse ba ya nutsewa, gangarowa yake yi ya shige tsagogi da ƙasar gindi. Dalili ke nan da kurmi ya fi duhu a can, kuma idon ruwan da muka sha muna yara ba ya ƙafewa sai bazara ta yi nisa.

A nan zan ɗan waiwayi iyaye. Bara da na je gida, na tarar an ci gefen dutsen na gabas da nakiya, tifofi suna ta jidar tsakuwa, masu gawayi kuma sun sare rabin kurmin. Idon ruwan nan tun kafin ƙarshen hunturu ya kafe. Ban zargi matasan da ke fasa dutsen ba, abinci suke nema, kuma tsakuwar gidajenmu na birni ake kawo wa. Shawarata ga shugabannin ƙungiya ita ce su zauna da hakimi da masu unguwanni a shata iyakar inda za a fasa, a keɓe gefen da ruwa ke fitowa.

Ku kuma 'ya'yana, idan an je gida da Sallah, ku roƙi baffanninku su hau da ku da sassafe, lokacin da rema ke fitowa shan hantsi. Ku sa takalmi mai kama ƙasa, kada kuma wanda ya zura hannu cikin tsaga, domin macizai ma gidansu ne.