Makantar Bakin Kogi da Yaron da ke Riƙe da Sanda

Ina gaida Malam Liman, da Sarkin Zango, da dattawa, da iyayenmu mata da ke bayan labule. An umurce ni in yi muku bayani a kan makanta, da irin ƙoƙarin da ƙasashen duniya suka yi a kanta. Ni ba likita ba ne, saboda haka ku yi haƙuri da ni.

Waɗanda suka tashi a arewacin ƙasar nan ta Gana sun san irin garuruwan da zan faɗa. Gari ne a bakin kogin Volta, ga ruwa ga ƙasa mai albarka, amma sai ka tarar da magidanta masu ƙarfi zaune a gindin itace, idanu sun tafi. In ɗayansu zai tashi, sai yaro ya kama bakin sanda ya ja shi. Da yawa suka bar gonakinsu na fadama suka koma kan tudu inda ƙasa ba ta ba da kome, waɗansu kuwa suka gangaro kudu suka shiga zangonninmu suna bara.

A shekarar 1950 wani Bature makaho, John Wilson, ya zaga waɗannan garuruwa tare da matarsa Jean, ita ce ma ta laƙaba wa ciwon suna da Turanci, watau makantar kogi. Abin da ke kawo shi wani ɗan baƙin ƙuda ne mai hayayyafa inda ruwa ke gudu da ƙarfi. In ya ciji mutum sai ya bar masa tsutsa. Uwar tsutsar takan kwanta a ƙarƙashin fata har shekara goma sha, tana zuba 'ya'ya dubbai. Su ne ke sa ƙaiƙayin da ba ya barin mutum barci, su ɓata fatar ƙafa ta yi dabbare-dabbare, kana su hau ido su kashe shi a hankali.

A 1972 shugaban Bankin Duniya, Robert McNamara, ya je ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso, ya ga makafin da idonsa. A 1974 aka kafa shiri, da Hukumar Lafiya ta Duniya da bankin nan da waɗansu hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, hedkwatarsa a Wagadugu. Ƙasashe 7 aka fara da su: Gana, Burkina, Mali, Nijar, Togo, Dahome da Kwaddibuwa. Daga baya suka zama 11. To, ƙuda bai san iyakar ƙasa ba, in ka kashe na gidanka na maƙwabci zai zo, shi ya sa dole aka haɗa kai. Jirage masu saukar ungulu suka riƙa bin koguna mako-mako suna fesa magani a ruwa don kashe 'ya'yan ƙudan. Ba aikin damina ɗaya ba ne, sai da aka jure har tsofaffin tsutsotsin da ke jikin mutane suka mutu don kansu.

Sa'an nan Allah ya kawo wani sauƙi. Wani masani na Japan, Satoshi Omura, ya sami wata ƙwayar halitta a cikin ƙasa, William Campbell kuma a Amurka ya yi aiki a kanta, aka fitar da maganin tsutsar dabbobi. Ashe yana yi wa mutum ma. A 1987 kamfanin Merck ya ce zai ba da shi kyauta, da sunan Mectizan, ga duk mai bukata, har ranar da bukata ta ƙare. Ni dai a ganina wannan alkawari ya cancanci a ambace shi, domin ɗan kasuwa bai saba yin haka ba. Mutanen nan biyu sun sami kyautar Nobel a 2015.

Shirin farko ya rufe a 2002. Hukumar Lafiya ta ce ya tsare mutum 600,000 daga makanta, kuma an koma noma a hekta miliyan 25 na ƙasar da aka gudu aka bari. A watan Janairu na 2025 aka tabbatar Nijar ta rabu da ciwon, ita ce ta farko a Afirka. Mu nan da sauran aiki. Ku da ke da gona ko dangi a bakin kogi, ku ji wannan da kyau: ƙwayar tana kashe 'ya'yan tsutsa ne, ba ta kashe uwar. Wanda ya sha bana ya ƙi baɗi, ya yi aikin banza. Masu rabo mutanen gari ne, da sanda suke gwada tsawonka su ba ka ɗaya zuwa huɗu, ban da masu ciki da ƙananan yara. Kada wani ya ce muku na hana haihuwa ne.

Amma fa, jama'a, magani ba ya mayar da idon da ya riga ya mutu, kuma ga inda maganar ta zo ƙofarmu. A birnin Janiba, a gaban ofishin Hukumar Lafiya, an kafa siffar makaho da yaro yana jansa, don tunawa da abin da aka yaƙa. Su can tunawa suke yi, mu kuwa ranar Jumma'a muna tsallake su a bakin masallaci. Mukan jefa sadaka a ƙoƙo mu wuce, ba mu tambayar yaron nan ko ya taɓa riƙe allo ko littafi. Ciwo ɗaya ya ci mutum biyu ke nan, uba ya rasa ido, ɗa ya rasa karatu.

A 2006 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi yarjejeniya a kan haƙƙin naƙasassu, Gana ta amince da ita a 2012. A 2006 ɗin kuma majalisarmu ta yi tata doka, mai lamba 715, wadda ta ce a ba naƙasasshe ilmi kyauta, a kuma gyara gine-ginen jama'a cikin shekara 10 yadda zai iya shiga. Wa'adin ya cika tun 2016. Ku dubi matakalar masallacinmu da kwalbatin da ke gabanta, ku faɗa mini ko makaho zai haye ba da jagora ba.

Akwai makarantar makafi a Akropong, akwai wata a Wa, inda ake koya musu karatu da yatsa a kan rubutu mai ɗige-ɗige, da sana'ar hannu. Abin da Malam ya ce in roƙa shi ne, kowane mai unguwa ya zauna da Sarkin Makafi su rubuto sunayen yara makafi da na yaran da ke jagora, a kawo mini kafin ƙarshen wata. Magina kuma su tsaya bayan sallah mu duba matakalar tare.