Ƙaiƙayin Kwikwiyo da Maganinsa

Yau za mu yi magana a kan ƙaiƙayi da ƙurajen da ke kama 'yan kwikwiyo. Kada wani ya ce mene ne ruwanmu da kare. Mafarauci yana da kare, makiyayi yana da shi. A Kano ma, in kun bi ta Fagge da Sabon Gari da dare, za ku ga masu gadin kantuna da karnukansu. Kuma mun sani yara ne ke ɗaukar kwikwiyo suna wasa da shi. Cutar da ke jikinsa tana iya komawa jikinsu.

Abubuwa 5 ne suka fi kawo wannan wahala.

Na farko ƙuma da kaska. Ƙuma tana shan jini, ƙwayayenta kuwa suna zuba a ƙasa inda kare yake kwana. Kaskar kare tana ɓuya cikin tsagar bango. In sun yi yawa sai su tsotse kwikwiyo. Ku ɗaga leɓensa ku duba dasashi. In ya yi fari, jini ya ƙaranta, a gaggauta kai shi asibiti.

Na biyu ƙazuwa. Wani ɗan ƙwaro ne ke kawo ta, wanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Macen takan haƙa rami cikin fata ta yi ƙwai. Cikin mako 2 zuwa 3 'ya'yan sun girma, su ma sun soma haƙa. Takan fara daga gefen kunne, da gwiwa, da ciki. Kwikwiyo ya yi ta susa dare da rana, har gashi ya zube, fata ta yi ɓawo. Tana kama sauran karnuka. Yaron da ya rungume shi kuma sai ƙuraje su fito masa a hannu da ciki.

Na uku wani ƙwaro ne dabam, mai zama a gindin gashi. Kwikwiyo yana samunsa daga uwarsa tun kwanakin farko na shan nono. Mai lafiya ba ya damuwa da shi. Amma an ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In yunwa ko tsutsar ciki ta raunana kwikwiyo, sai ƙwaron ya yawaita, gashi ya zube kewaye da ido da baki da ƙafafun gaba. Wannan ba ya kama mutum, kuma ƙaiƙayinsa bai kai na ƙazuwa ba.

Na huɗu makero. Za ku ga gashi ya zube a kewaye kamar kwabo. Shi ne kan fito wa yara a ka, kuma daga kwikwiyo yana iya kama su.

Na biyar tsutsar fata, wadda ta fi yawa da damina. Wani ƙuda ne ke yin ƙwai kan rairayi a inuwa, inda aka yi fitsari ko kashi. In kwikwiyo ya kwanta nan sai tsutsar ta shige fatarsa, wurin ya kumbura kamar maruru da ɗan rami a tsakiya. A shafa man basilin a toshe ramin. In ta rasa iska za ta leƙo, sa'an nan a matse a hankali ta fito, a wanke wurin da ruwa da sabulu.

To, yanzu ga gargaɗi. Mutane da yawa sukan shafa wa kare baƙin mai na mota, ko kananzir, ko fiya-fiya, ko maganin feshin gona. Kada ku yi haka. Waɗannan guba ne. Suna ƙona fata, suna shiga jiki, kare kuma yana lasa. Kwikwiyo ƙarami ne, kaɗan ya isa ya kashe shi. Yaron da ya taɓa shi ma bai tsira ba.

Abin yi shi ne a kai shi asibitin dabbobi. Likita zai kankare fata kaɗan ya duba da madubi, domin maganin ƙazuwa dabam, na makero dabam. Akwai magani mai suna Ivermectin, wanda aka soma sayarwa domin dabbobi a 1981. Mutum 2 da suka gano shi, Satoshi Omura na Japan da William Campbell, sun sami lambar yabo ta Nobel a 2015. Yana kashe ƙwaron ƙazuwa. Amma ba a ba kwikwiyon da bai kai mako 6 ba, kuma gwargwadon nauyinsa ake aunawa. Saboda haka kada ku saya a kasuwa ku yi allura da kanku. In likita ya ce a komo bayan mako 2, a koma, ko da susa ta ragu, gama ƙwayayen da suka rage za su ƙyanƙyashe.

A gida kuwa ga aikinmu. A ware mai ciwo daga sauran karnuka, a hana yara ɗaukarsa. A ƙone tsohon buhun da yake kwana a kai, ko a tafasa shi a shanya a rana. A share wurin kullum, a liƙe tsagar bango. A duba uwar, ita ma a yi mata magani. Tuwo zalla ba ya gina kwikwiyo, a haɗa masa da kifi ko nama ko dafaffen ƙwai. A ba shi maganin tsutsar ciki. Wanda ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci. In ya kai wata 3 a yi masa allurar haukan kare. A Bom, kusa da Jos, ana yin wannan allura.

Kun ga a nan ma karatu ya yi rana. Wanda ya iya karatu zai karanta abin da ke jikin kwalba, ya rubuta ranar da aka yi allura da ranar komawa, ba zai manta ba. In kun koma gida yau, kowa ya duba kunnen kwikwiyonsa da cikinsa da dasashinsa. Gobe ku zo ku gaya mana abin da kuka gani. Allah ya ba mu lafiya, mu da dabbobinmu.