Gwajin manhaja mai kama da labari

A 2006 ne wani masanin manhaja mai suna Dan North ya fito da shawarar a riƙa rubuta gwajin manhaja tamkar bayanin halinta: ga yadda ake, ga abin da aka yi, ga abin da ya kamata ya biyo baya.

Masu aiki da yaren C++ suna samun wannan salo a Catch, wanda Phil Nash ya ƙirƙira, yau ake kiransa Catch2. Makro, wato kalmomin umarni, guda huɗu ne kan gaba: SCENARIO, GIVEN, WHEN da THEN. A ce asusu na da naira 5,000, mai shi ya nemi cire 7,000, to dole a hana shi, kuɗin kuma su tsaya yadda suke. Ko manajan da bai taɓa rubuta manhaja ba zai karanta ya gane.

Abin da ya fi burge ni, a kowane reshe na gwajin sai an sake gudanar da shi daga farko, don haka wani ba ya ɓata wa wani. Sai dai fa makro ba ya duba ko rubutun ya dace da abin da ake gwadawa. Kana iya rubuta "an hana shi" a sama, a ƙasa ka auna wani abu dabam, kwamfuta ta ce komai lafiya lau.